Amon Tulu

A Mai Wurno, inda Nilu ke barin yumɓu a gaɓa
kamar mai biyan bashi duk bayan damina,
nan na koyi gini a gaban Inna Tabawa.
Alƙalinta ɗan yatsa ne:
ta ƙwanƙwasa tulu, ta karkata kunne.
In ya yi amo, ya tsira.
In ya yi gum, sai bayan danga.

Ni kuwa zamani ya ja ni.
Na ji ana gasa a birni,
ba gashin wuta ba, gasar gwaninta.
Wani ya zo da baƙar jaka da takarda mai hatimi uku,
ya sha gahawa a jabanar da na gina,
ya ce hannuna ya fi ƙarfin ƙauye.
Kuɗin shiga, kuɗin tebur, kuɗin hoto:
akuya mai ciki na sayar na biya.
Ran da na sauka Madani da randa biyu naɗe cikin ciyawa,
adireshin ya kai ni rumfar mai facin taya.
Shi ma ya tausaya. Ya ba ni ruwa
a kofin roba.

Ta biyun ta tabbata. Akwai zaure, akwai fanka,
akwai alƙalai a kujeru masu laushi,
sai dai ba wanda ya ɗaga tukunya ya dubi gindinta.
Kyauta ta bi ƙanen matar mai zaure,
shi da kaskonsa da ya sha fentin mota.
A dawowa, ramin hanyar Sinnar
ya karɓi zakkar tulu guda.

Yanzu in Mu'utasim ɗan ƙanena ya karanto min sanarwa,
ba na fara tambayar nawa ne kyautar.
Nakan ce: su wa za su duba? Kira min sunansu.
Akwai wanda ya taɓa kwana gaban wuta
yana addu'ar kar iska ta juya?
Wa ya ci bara? Yana ina? A nemo min muryarsa.
In kaya ya fashe a hannunsu, asarar wa?
In an saya, nawa ke maƙalewa a aljihun mai tebur?
Sai yaron ya ce: Gwaggo, kamar mai cinikin raƙumi!
Na ce raƙumi ko ya ruɗe ka, ka ci namansa.
Takarda fa?
Ƙwanƙwasa ta nake yi, ɗana, in ji amonta.

Shekara biyu ina ƙwanƙwasa, duk gum, gum,
sai wata daga Umdurman ta amsa.
Ba su ce na fi kowa ba, ba su san ni ba.
Sun ce a aiko hoton kaya uku, ba suna,
kuma ba kowa za a ɗauka ba.
Wannan ba kowa ɗin ita ta kwantar min da rai.

Ban ci ba.
Amma wani tsoho cikin masu dubawa, Ammu Dafa'alla,
mai tabon ƙuna a babban yatsa,
ya tallabi tuluna kamar jaririn wani,
ya ƙwanƙwasa, ya karkata kunne.
Sai da na dafa bango:
na rantse Inna Tabawa na gani.
Ya ce wuyan ya yi kauri ta hagu,
kuma na yi garajen janye wuta.
Gaskiya ne. Daren nan hadari ya taso, na ji tsoro.

Na sayar da jabana huɗu, kuɗin mota ya fita.
Lambar yabo kam, babu.
Ga ni yau a gaɓa tun asuba, laka har gwiwar hannu,
ina rage wuyan nan ta hagu,
kaɗan,
kaɗan.